Tsiron Da Ba Ya Buƙatar Ƙasa, Da Yadda Ake Sayar Da Shi A Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da yara. Kin tambaye ni game da ɗan tsiron nan da kika hango rataye a tagata, babu tukunya babu ƙasa. Ba na roba ba ne, mai rai ne. Sunansa Tillandsia, dangin abarba ne, asalinsa kuma daga kudancin ƙasar Amurka ne zuwa Meziko har Ajantina. Nau'o'insa sun kai wajen 650. A can yana maƙalewa jikin rassa da duwatsu, har da wayoyin lantarki, amma ba irin kauci ba ne, ba ya tsotsar bishiyar da ya hau. Saiwarsa ta riƙo ce kawai. Ruwa da abinci duk ta ganye yake ɗauka, ta wani ɗan gari-gari mai launin toka da ya lulluɓe ganyen. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ƙura ce ya sa tsumma ya goge, to ya kankare masa baki ke nan.

Samunsa a nan ba wuya, sai dai ba kowane mai sayarwa ne ya san abin da yake sayarwa ba. Shagunan kayan ƙawata gida su suka fi yi masa illa. Za ki gan shi an cusa shi cikin ƙwallon gilashi mai ƙaramin baki, ko an liƙe gindinsa da gam a jikin katako, wani ma an fesa masa jan fenti don a ce fure ya yi. Takardar da ke jikinsa takan nuna kamar iska kaɗai ta ishe shi. Wannan maganar ciniki ce. Masu renonsa na gaskiya ta intanet ake samunsu, su naɗo miki shi a takarda ta gidan waya, da cikakken sunan nau'in da bayanin shayarwa, kuma idan sanyi ya tsananta wasunsu sukan dakatar da aike har ya lafa. A nan ne na ga bambanci da abin da muka saba. Mu da baki mai lambu yake ba da bayani, ki koma gobe ki sake tambaya. Su komai a rubuce yake, amma idan rubutun ƙarya ne, yaron da ke kan kanta ba shi da abin da zai ƙara miki.

Sai ruwa. Na famfon Landan da kudu maso gabashin ƙasar nan ta cikin farin dutsen alli yake fitowa, shi ya sa cikin butar dafa ruwa yake yin fari fat. Wannan farin yana taruwa a ganye ya toshe ƙofofin shan ruwa. Gidajen da suka sa na'urar tausasa ruwa kuma nasu ya fi muni ga tsiron, domin da gishiri na'urar take aiki. Ruwan sama shi ne daidai, kuma Allah ya hore musu shi, har tankunan tara shi ake sayarwa. Sau ɗaya a mako ake tsoma shi a kwano na minti 20 zuwa 30, a girgiza shi, a kife shi kan tawul, ya bushe cikin awa 4. Idan ruwa ya kwana a tsakiyarsa gindin zai yi baƙi, ganyen tsakiya su riƙa zarewa da kansu, kuma daga nan babu magani. Wayar jan ƙarfe ma guba ce gare shi, duk da haka za ki ga an naɗe shi da ita don ado.

Lokacin sanyi shi ne jarrabawar. A tsakiyar Disamba hasken rana a Landan ba ya cika awa 8, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Tsiron yana son haske, sai ki matsar da shi jikin taga, amma a gidajen nan ƙarfen ɗumama ɗaki yawanci a ƙarƙashin taga yake. Iska mai zafi ta taso ta busar da shi da rana, da dare kuma a ja labule a bar shi tsakanin labule da gilashi mai sanyi, alhali ba ya son abin da ya gaza digiri 10. Ƙishirwa tana nunawa ne idan ganyen suka nannaɗe, bakinsu ya ƙone. Duk da haka ba a gaggawar ƙara jiƙo, domin a ɗaki mai sanyi ba ya saurin bushewa. Da safe ake shayar da shi, da ruwan da ya ɗauki ɗumin ɗaki, saboda da dare yake buɗe ƙofofin numfashinsa, bai kamata duhu ya same shi a jiƙe ba. Taki kuwa a dakata sai bazara. Abin da na fi yaba musu shi ne fitilun LED na shuka, masu agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa, a ba shi kamar awa 12.

Fure sau ɗaya yake yi a rayuwarsa, daga nan ya fitar da 'ya'ya a gindi, a cire su idan sun kai kashi ɗaya cikin uku na girman uwar.

Maganar in taho miki da shi kuwa, ba a jefa shi cikin akwati haka nan. Ketare iyaka da shuka mai rai yana buƙatar takardar shaidar lafiyar tsiro, babban nan mai suna xerographica kuma yana cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, sai da izini na daban. Ƙaramin, ionantha, shi zan nema miki. Zafin rana tsaka zai ƙona shi, don haka inuwa mai haske za ki ba shi, kuma idan hunturu ya shigo iska ta bushe, ki riƙa jiƙa shi sau biyu a mako.