Boost.Mp11: laburaren tace nau'o'i da ya dace da tsofaffin kwamfutocinmu

Da yawa daga cikin masu rubuta manhaja da yaren C++ a nan Maradi da kwamfutocin hannu na gwanjo suke aiki, don haka duk laburaren (wato tarin kayan aikin rubuta manhaja da wani ya riga ya shirya) da ke jinkirta harhaɗa manhaja, wato mayar da rubutunta abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, yana ci mana lokaci da cajin batir, ko da kyauta aka ba mu shi. Da wannan ma'auni na gwada Boost.Mp11, wanda Peter Dimov ya rubuta, kuma ya shiga Boost, wato babban tarin laburarorin C++, a fitowa ta 1.66 a shekarar 2017.

Abin da na fi buƙata gare shi shi ne tace jerin nau'o'in bayanai tun lokacin harhaɗawa. A ce kana da jerin nau'o'i huɗu kamar std::tuple<int, double, char, std::string>, kana son nau'o'in cikakkun lambobi kaɗai. Sai ka miƙa jerin ga mp_copy_if tare da sharaɗin std::is_integral, ya mayar maka da std::tuple<int, char>, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Idan kuma zubar da su kake so, mp_remove_if ne ke yin aikin. Tacewar tana ƙarewa a hannun kwamfaila, wato manhajar da ke yin harhaɗawar, saboda haka manhajar ba ta ɓata ko daƙiƙa ɗaya a kanta yayin da take gudana. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tilasta maka amfani da nasa jerin, wato mp_list, domin idan wani irin jeri kamar std::variant ka ba shi, std::variant zai mayar maka.

Duk wanda ya sha fama da tsohon laburaren irin wannan aiki, Boost.MPL, wanda jerinsa na mpl::vector ke tsayawa a nau'i 20 sai an sauya saitinsa, zai ji bambancin saurin nan take. Mp11 ba ya neman komai sama da C++11, kuma ana iya sauke shi shi kaɗai daga GitHub ba tare da sauran Boost ba, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa.

Yana da nasa cikas. Idan ka kuskure wajen rubuta sharaɗi, kwamfaila kan zubo saƙon kuskure mai tsawon gaske, har ainihin matsalar ta ɓace a tsakiya. Bayanin amfaninsa kuma da Turancin Ingilishi yake, a taƙaice ƙwarai, abin da zai wahalar da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da suka yi karatu da Faransanci. Ina ba da shawararsa ga wanda ya riga ya ƙware a tamfilet, wato dabarar C++ ta rubuta abu ɗaya da zai yi aiki da nau'o'i daban-daban, amma ɗan koyo ya fara rubuta matacinsa da hannu tukuna.