Malamar lesin da ta koya wa 'yata ɗebewa da kuɗin canji

Wata biyu kenan da na ɗauko wa yarinyata malamar lesin, tana aji uku na firamare, kuma lissafin ɗebewa ne ya sa. Tarawa ba ta da matsala, amma da an jera mata manyan lambobi sama da ƙasa sai ta rikice. Ranar da raina ya ɓaci an ba ta 1000 a ɗebe 370, ta rubuta 1370. Wai a kowane layi ƙaramar lamba take cirewa daga babba, ko a sama take ko a ƙasa. Na yi bayani har muryata ta dishe, a ari ɗaya a ari ɗaya, ita kuwa kallona kawai take, don ina za ta ara tunda duk sifiri ne a gefe.

Malamar nan ranar farko ko littafi ba ta buɗe ba. Cewa ta yi Hajiya a ba ni canji, na kwaso mata 'yan ɗari-ɗari da goma-goma har sai da muka aika shago aka ƙaro. Ta miƙa wa yarinyar takardar dubu ɗaya ta ce je ki sayi kayan 370, mai shago ba shi da canji, ya za ki yi? Suka fasa dubun ta zama ɗari guda goma, suka sake fasa ɗari ɗaya ta zama goma guda goma, saura ɗari tara a hannu. Sai ta nuna mata a allo cewa wannan 9 da ake rubutawa a kan sifiri ga inda take fitowa. Yarinya ta cire ɗari uku da goma bakwai ta ƙirga, 630, ta ɗago ta ce Anti ashe canji ne! Wallahi ina bakin ƙofar kicin sai da na ji ƙwalla. Ta kuma koya mata ta haɗa amsar da abin da ta cire, in ya koma 1000 to daidai ne, yanzu da kanta take duba aikinta.

To amma fa sai in faɗi gaskiya, tun da muka shiga wata na biyu abin ya canza. Ƙarfe huɗu muka yi da ita, sai biyar saura take zuwa, ana kiran magariba ta tashi. Sau biyu ƙanwarta ta turo ba tare da ta kira ni ba, ita kuma ƙanwar aron nan na haddacewa ta dawo da shi. Takardun aikin gida fotokwafi ne da ya dusashe, 6 da 8 ba ka bambance su, yarinya ta yi daidai a ci ta gyara tana kuka. Ga shi ta ce za ta ƙara kuɗi saboda kuɗin mota. Iya koyarwa kam ta iya, amma in ta sake turo min ƙanwar nan ƙarshen wata za mu rabu.