Na biya an zagaya da mu garin Burghausen na Jamus ta waya, ga yadda na ga aikin

Jama'a salamu alaikum. Tun makon jiya nake son rubuta wannan sai yau Allah ya yi, don mutum uku sun tambaye ni kan yaron nan da yake zagayawa da mutane garuruwan Jamus ta kiran bidiyo, wai ko kuɗin da ake ba shi ba asara ba ne. Toh ni dai na gwada.

Ni malamin jogirafi ne a wata ƙaramar sakandare a ƙauyenmu nan tsakanin Gumel da Maigatari. Shi kuma yaron Bahaushe ne ɗalibi, yana karatu a Munich, Asabar da Lahadi yake wannan sana'ar. Kai za ka zaɓi gari, ka tura masa kuɗin jirgin ƙasa da ladan wahalarsa, ranar da kukai alƙawari ya kira ka ta WhatsApp yana tafe yana nuna maka yana bayani da Hausa. Na zaɓi Burghausen ne saboda darasin da nake wa 'yan aji uku kan abun da ke sa gari ya kafu a inda ya kafu, wallahi na gaji da zana kogi da tudu da alli yara suna kallona kawai.

Bari in fara da inda bai kyauta ba. Ya ce min ƙarfe 11, ashe 11 ɗinsu yake nufi, kuma a wannan lokacin suna gabanmu da awa ɗaya, ƙarfe 10 sai ga kira yana shigowa ni ina kan mashin na je aro laftof, yara rabi ba su zo ba. Mai irin wannan aikin ya kamata ya riƙa faɗa ƙarara agogon wa ake bi. Ya dai ba da haƙuri ya jira mu kusan minti 20 bai ƙara ko kwabo ba, wannan kam na yaba. Muka shimfiɗa tabarmi gindin darbejiyar bayan makaranta don nan ne kaɗai sabis ke tsayawa, muka jona laftof da batirin sola da 'yar lasifika, kawuna ma da ya haura 80 ya jawo kujerarsa ya zauna.

Abu na farko da yai wanda ya sa na san yaron ya iya aikinsa, bai fara da tarihi ba, sai da ya hau can saman tudun da ke bisa garin ya juya kyamara gefe ɗaya ya ce ku kalli nan, sai ga kogi a ƙasa ruwansa kore-kore mai hasken toka yana gudu, wai sunansa Salzach, daga duwatsun Alps yake gangarowa. Ya taka 'yan taku ya juya ɗaya gefen sai ga wani tafki a kwance lumui, Wöhrsee, wanda asalinsa tsohuwar hanyar kogin ce da ya bari. Tudun siriri ne dogo kamar kunya a gona, ruwa nan ruwa can, a kan gadon bayansa aka jera ganuwa da gine-gine tsawon mita 1,051, shi ya sa ake ce masa gidan sarauta mai ganuwa mafi tsawo a duniya. Kafin in buɗe baki wata yarinya a ajin ta ce "Malam ai maƙiyi ta hanya ɗaya kawai zai iya zuwa." Abun da na yi sati biyu ina fama a allo kenan, ta gane shi a minti biyar.

Daga nan ya shiga ta ƙofar arewa ya riƙa ratsa farfajiya bayan farfajiya, guda 6 ne, tsakaninsu akwai ƙofofi da ramuka masu zurfi irin gwalalon da ake haƙa wa birni. Ya nuna mana hasumiyar agogo da rijiya a gindinta, rumbun hatsi, ma'ajiyar makamai, kurkuku. Abun da ya fi ba yara mamaki har yau akwai mutanen da ke zaune a wasu gidajen ciki, mun ga keke a jingine da tukwanen fure a taga. Ya ce shiga farfajiyoyin kyauta ne, gidajen tarihin da ke ciki ne ake biya. Har ya kai hannu ya shafa dutsen ginin ya matso da kyamara muka ga 'yan ramuka a jikinsa kamar soso.

Tarihin ya kawo shi daki-daki ba ruɗani. Sunan garin ya fara fitowa a rubuce a 1025. A 1255 da aka raba ƙasar Bavariya, yankin kudancin Jamus da garin yake ciki, tsakanin 'yan gidan sarauta sai Burghausen ta zama gida na biyu na sarakunan Bavariya ta ƙasa, babbar fadarsu tana Landshut, nan kuma suke ajiye iyali da dukiya da manyan fursunoni. Akwai wani sarkinsu Georg da ake wa laƙabi da mai arziki, shi ya auro Hedwig 'yar sarkin Polan a 1475, ta zauna a wannan gidan har ta rasu a 1502, ya nuna mana tambarin Bavariya da na Polan gefe da gefe a saman wata ƙofa. Georg ɗin ne ya ƙarfafa ganuwar sosai saboda tsoron Turkawan Usmaniyya, nan sai da na tsayar da shi na ce wa yara na Santanbul ake nufi ba daularmu ta Sakkwato ba. Ya rasu a 1503 bai bar ɗa namiji ba, yaƙin gado ya ɓarke, daga nan gidan ya daina zama mazaunin sarakuna.

Amma inda zaman ya yi daɗi shi ne maganar gishiri. Yaron ya ce duk wannan ginin da kuke gani da kuɗin gishiri garin ya tashi, sunan kogin ma daga kalmarsu ta gishiri ya samo asali. A wancan zamanin ana haƙo shi a Hallein kusa da Salzburg, a loda a kwale-kwale masu shimfiɗaɗɗen ciki a biyo ruwa, a 1346 sarki Ludwig ya ba garin takardar cewa a nan za a riƙa sauke shi kafin ya bi hanyar ƙasa, ka ga kenan haraji da masauki da dako duk nasu ne. Kawu da tun ɗazu bai ce uffan ba sai ya gyara zama ya ce "Yaro, wato zango ne." Ya ce "Ƙwarai kuwa Baba, zango ne." Shikenan kawu ya ɓalle da labarin ayarin Buzaye da ya gani yana yaro, raƙuma a jere ɗauke da kantun gishirin Bilma da dabino, su sauka a bayan gari su karɓi gero su juya, da yadda duk garin da ayari ke yada zango sai ka ga mahauta da masu masauki da dillalai sun yi ƙiba. Yaron bai katse shi ba ko sau ɗaya, ya samu benci ya zauna yana saurare yana "na'am Baba", alhali lokacinsa ne ke tafiya. Da kawu ya gama sai ya ɗora da cewa a 1594 masarauta ta ƙwace cinikin gishirin ya koma hannunta ita kaɗai, garin ya fara ja baya, kawu ya kaɗa kai ya ce haka mota tai wa raƙumi.

Sai maganar iyaka, wadda mu nan ba baƙuwarmu ba ce. Da can ƙasar da ke tsallaken kogin ta Bavariya ce, Burghausen ke mulkinta, a 1779 aka yi yarjejeniyar Teschen aka miƙa wa Ostiriya, gari ya wayi gari a bakin iyaka ya rasa ƙauyukan da ke ciyar da kasuwarsa. Napoliyon sarkin Faransa ma ya sauka nan a 1809 ya ce ganuwar ta tsufa ba ta da amfanin yaƙi. Yaron ya gangara ya hau tsohuwar gada ya tsallaka ƙauyen Ach, ya ce toh yanzu ina Ostiriya, ba mu ga shinge ba, kuɗinsu ma ɗaya ne yuro. Yaran da iyayensu ke cin kasuwar Maigatari duk Alhamis suna canjin sefa suka riƙa kallon juna.

Nan ne kuma aibi na biyu. Ya daɗe a sama, da ya sauko cikin gari lokaci ya ƙure, sai ya bi dandalin da sauri kyamara na rawa, gidajen nan masu launi-launi da aka matse tsakanin tudu da kogi ko minti biyar ba su samu ba, ga iska a kan gada tana shiga makirfo ba ma jin rabin maganarsa. Ya kamata ya sayi abun toshe iska da sandar riƙe waya. Yankewar da kiran yai sau uku kuwa daga wajenmu ne, ba zan ɗora masa ba. Data ta ci min sosai, wanda zai yi ya tanadi wadatacciya.

A gurguje ya faɗa mana garin yanzu mutum wajen dubu 19 ne, kuma masana'antar sinadarai ta Wacker da ta fara aiki a 1916 ita ta sake tayar da shi, a can ake tace silikon da ake yin farantin sola da shi. Wani yaro ya juya ya kalli farantin da muka jingina a jikin darbejiya ya ce ko namu ma daga can ne, na ce a rubuta tambayar mu bincika.

Ni dai kuɗina sun biya, malaman makaranta musamman ina ba ku shawara ku haɗa kuɗi ku gwada, amma ku ce masa tun farko ya raba lokacin biyu, rabi sama rabi ƙasa, kuma ku tabbatar da agogo. Mun riga mun yi magana zai sake mana in zafinsu ya dawo, lokacin da ake ɗaukar mutane a kwale-kwalen da aka ƙera irin na gishirin da. Kawu ya ce a sa da shi, zai sayar da tiya biyu ta riɗi ya ba da kasonsa, yana son ya ga inda ake sauke kayan.