Garejin da ya gano mini bobin guda da ta mutu

Ni ɗan kasuwar aya da wake ne, kuma motata ita ce ƙafata. Ƴar Japan ce ƙirar 2005, mai silinda huɗu, da ita nake bin kasuwannin Cadawa da Agye har Gazawa. Wata ranar ina dawowa Maraɗi da la'asar, na taka mai zan wuce wata babbar mota, sai na ji ta cije. Ta kama karkarwa, ƙarfi ya tafi, ƴar fitilar nan ruwan ɗorawa mai hoton inji ta fara ƙiftawa a tablo. Da na tsaya, sitiyari na rawa a hannuna, hayaƙin salansa kuwa warin ɗanyen fetur yake.

Makaniken farko bai ko buɗe injin da kyau ba ya ce man ruwa-ruwa na sha. Aka sauke tanki, aka wanke, aka sauya matatar mai. Kuɗi sun fita, mota na nan yadda take. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na rasa kasuwa biyu a makon.

Wani direban taksi ne ya kai ni wannan garejin da nake son ba ku labari, a unguwar Zariya. Ba shi da allo, rumfar kwano ce da bishiyar dogon yaro guda. Maigidan dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ce, "Alhaji, kar ka kashe ta tukuna." Ya ɗora tafinsa a kan murfin inji, ya sunkuyar da kai yana saurare, sannan ya sa yaro ya ɗauko na'urar bincike. Ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai baki 16, nan ya jona ta. Lamba ta fito: P0303. Ya juyo da allon gare ni, ya ce P0301 zuwa P0304 sunan silinda ne da ba ta ƙona mai daidai, lambar ƙarshe ita ke nuna wacce ce. Tawa ta uku ce.

A nan ne ya burge ni. Na ɗauka zai ce a sayo bobin, wadda ƴan Najeriya ke cewa koyil, wato abin da ke ba buji wuta. Sai ya ce na'ura ta faɗi ɗakin da ba lafiya, ba ta faɗi ciwon ba: yana iya zama bobin, ko buji mai kunna mai a cikin silinda, ko injektar mai fesa man, ko ma silindar ce ba ta riƙe iska. Irin wannan inji kowace buji da bobin ɗinta a kanta, ƙusa guda ce ke riƙe da ita. Ya sa kile mai lamba 10, ya zare ta uku ya mai da ita gurbin ta ɗaya, ta ɗaya kuma ta koma uku. Ya goge lambar, muka zaga har hanyar Tibiri muka dawo. Ya sake jonawa: P0301. Ciwon ya bi bobin ya ƙaura. Da buji ce ko injektar, da lambar ta tsaya a uku. Ko dala ban kashe a kan kaya ba, amma mun san mai laifi.

Bai tsaya nan ba. Ya haska tocila cikin ramin buji na uku, ya ce in leƙa. Baƙin mai ne kwance a ciki, ya kai rabin yatsa. Robar bobin ɗin ta kumbura ta yi laushi, a jikinta ga wani siririn layi baƙi kamar an zana da fensir, inda wuta ta riƙa tsallakewa tana bin gefe maimakon ta sauka bakin buji. Ya ce aikin bobin shi ne ta karɓi wutar batir mai ƙarfin bolt 12 ta ɗaga ta zuwa dubu ashirin ko fiye, kuma wuta mai wannan ƙarfi duk inda ta ga hanya mai sauƙi nan za ta bi. Man daga robar murfin inji yake zubowa, zafi da shekaru sun busar da ita. Da ya kwance bujin da kile 16, bakinta ya cinye, tazarar ta wuce milimita 1.1 da ya ce ita ce ƙa'idar injina. Buji mai faɗin baki tana tilasta wa bobin ƙarin aiki har ta ƙone.

"In na sa maka sabuwa a cikin wannan man, Alhaji, kafin damina ka dawo."

Na tambaye shi ko a sauya bobin ɗin duka huɗun. Ya ce sauran ukun lafiyarsu lau, in bar su, amma buji huɗu da robar murfi dole ne. Ya kuma gargaɗe ni a kan fitilar: in ta kunnu ta tsaya, ana iya lallaɓawa zuwa gareji, in tana ƙiftawa, ɗanyen mai ne ke gangarawa cikin tukunyar tace hayaƙi yana ƙonewa a can, kuma kuɗin wannan tukunya ya ninka na bobin sau da yawa. Ni kuwa kwana shida na yi ina yawo da ita tana ƙiftawa.

Wajen saye ya haɗa ni da yaronsa. An nuna mana sababbi ƙal a kwali masu arha, yaron ya auna nauyinsu a hannu ya ajiye, ya ce jabu sun yi yawa, har sunan manyan kamfanoni ake bugawa a jikinsu. Muka ɗauki bobin Denso ta asali da aka ciro daga injin waje, da bujin NGK. Mai shagon ya yarda in ba ta yi ba a mayar. Mai garejin kuwa, kuɗin hannunsa da na bincike jika biyar ya karɓa, bai ƙara ko dala a kan kaya ba.

Akwai abin da ban ji daɗi ba, kuma gara ku sani. Jira ne. Na zo da hantsi, ba a taɓa motata ba sai bayan azahar, don shi kaɗai ke riƙe na'urar, ba ya barin yara su yanke hukunci. Wurin zama benci ɗaya ne, inuwar kuma ta motoci ce. Ba ya ɗaukar waya in yana aiki, ba ya ba da rasit. Mai sauri ya je bayan asuba.

Yau wata huɗu ke nan. Na je Tasawa sau uku da kaya cike, na je Madarumfa da iyali, fitilar ba ta sake kunnuwa ba, man da take sha kuma ya koma yadda na saba. Tsohuwar bobin ɗin tana cikin akwatin gaban mota. Shi ya miƙo mini ita a leda, ya ce in nuna wa duk wanda ya ce a sauke mini tanki.