Wilin baya: odar Chaina ko na kasuwa, wanne zai rage maka kuɗin taya?

Ɗan'uwa, ga yadda na fahimci tambayarka. Kana acaɓa da Boxer tsakanin gari da ƙauyuka, tayar baya tana suɗewa alhali ta gaba ko rabin zanenta bai tafi ba, kuɗin taya ya ishe ka, sai wani ya ba ka shawarar ka yi odar wilin alminiyon daga Chaina, wai shi zai sa taya ta daɗe. Kana so a jera maka biyun, odar waje da sayen na kasuwa, ka ga wanda ya fi. Ga mutum ɗaya mai babur ɗaya, na kasuwa ya fi. Kuma ina da ƙarfin zaton ba wili ne ke cin tayarka ba.

Ka fara sanin cewa wilin da ke rataye a shagon dilan garinku shi ma daga waje ya zo. Boxer ɗin kansa na kamfanin Bajaj ne na Indiya. Kayan gyaran babura kuwa yawancinsu daga Chaina ake ɗauko su, daga garuruwa irin su Chongqing da Guangzhou, su sauka a tashar ruwa, su bi ta hannun manyan diloli irin na kasuwar Nkwo da ke Nnewi, sannan su hauro Arewa. Taya ma haka take. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta rufe tata ta Legas a 2008, kusan duk tayar da ke kan titin Najeriya jirgin ruwa ne ya kawo ta. Saboda haka zaɓin da ke gabanka shi ne wili ɗaya a kwali da sunanka, ko wili ɗaya daga cikin ɗaruruwan da suka zo tare a kwantena. Masana'antar ma tana iya zama ɗaya.

Ta fuskar kuɗi, dila ya raba kuɗin jirgi da na kwastam da na mota a kan kaya masu yawa, kowane wili ya ɗauki ɗan kaɗan. Kai kuwa kai kaɗai za ka ɗauka. Farashin da kake gani a Alibaba, shafin cinikin Chaina na intanet, galibi na wanda zai sayi da yawa ne, kuma bai haɗa da kawowa ba. In ta jirgin sama za a kawo, masu dakon kaya ba nauyin sikeli kawai suke dubawa ba, suna auna girman kwalin. Kwali mai santimita 50 tsawo, 50 faɗi, 20 kauri, idan aka ninka aka raba da 6,000 kamar yadda da yawansu ke yi, zai tashi kilo 8 da 'yan kai, kuma shi za ka biya ko wilin bai kai hakan ba. In ta ruwa ne ya fi sauƙi, amma ka sa ran fiye da wata guda. A kan wannan sai kuɗin fito da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Duka da dala ko yuwan ake lissafinsu, kuma ka ga abin da ya faru tun da aka saki naira a watan Yunin 2023: dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024. Kana iya yin ciniki yau, kafin kayan su iso lissafin ya sauya.

Inda odar waje ta fi cutar mutane shi ne dacewa, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Mai sayarwa zai rubuta maka cewa wilin inci 17 ne, na Boxer ne, ka ga hoto ya yi kyau. Inci 17 ɗin nan abu ɗaya ne cikin abubuwa da yawa da dole su yi daidai. Akwai kaurin shaf ɗin da ke ratsa tsakiya: boris mai lamba 6301 raminsa milimita 12 ne, 6202 da 6302 kuwa milimita 15. Akwai faɗin gangar birki, wata milimita 110, wata 130, kuma takalmin birkin wannan ba ya aiki a waccan. Akwai faɗin cibiyar wilin tsakanin ƙafafun baya biyu, da wurin zaman robobin da ke tsakanin wili da sifiroket. Idan cibiyar ta bambanta da 'yan milimitoci, bakanike zai ce babu damuwa, ya cusa wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, ya ɗaure. Babur zai tafi, amma sarƙa ta daina tafiya a layi ɗaya da sifiroket na gaba, taya kuma ta karkace. Ka sayi wili don ka ceci taya, ga shi yanzu yana cin taya da sarƙa a tare.

A kasuwa fa? Ka kwance tsohon wilinka ka tafi da shi, ka ɗora a kan sabon, ka zura shaf ɗinka, ka gwada farantin birkinka, ka juya shi a hannu ka ga ko yana rawa. In bai yi ba a sake maka wani nan take. Wanda ya zo daga Guangzhou in bai yi ba, kuɗin mayar da shi ya fi kuɗinsa. Ba na cewa duk na kasuwa mai kyau ne, akwai jabu sosai, amma jabun da ka riƙe a hannu kana iya gane shi.

To shi wilin, yana rage cin taya? Idan naka ya lanƙwashe ko wayoyinsa sun saki har yana lilo, i, sauya shi ko ɗaure wayoyin zai taimaka, domin taya mai lilo tana cinyewa wuri-wuri. In kuwa lafiyarsa ƙalau, sabon wili mai girma ɗaya ba zai ƙara wa taya kwana ba. Wasu na cewa a koma inci 18, irin na baburan Chaina da aka ƙera a tsarin CG125, wai babbar taya ta fi jurewa. Yi lissafin da kanka. Taya 3.00-17 tsayinta wajen inci 23 ne, 3.00-18 kuwa inci 24. Bambancin kashi 4 ne cikin ɗari, wato iyakar juyin da za ka rage ke nan a kowace kilomita, sannan babur ya rage ƙarfin ja a hawa da kaya, taya kuma ta matso kusa da madigadi. Wannan bai kai a yi masa oda ba.

Amfanin gaskiya na wilin alminiyon shi ne taya marar tiyub. Ƙusa ta shiga, iska tana fita a hankali, ka isa wajen mai faci ya toshe ba tare da kwance wili ba. Mai tiyub kuwa nan take take zama, kuma tayoyin acaɓa da yawa a nan suke mutuwa: an yi faci a daji, an lallaɓa da fasinja a kai har gari, gefen tayar ya kakkarye alhali zanen yana nan. Sai dai ka ce kana shiga ƙauyuka. Wili mai waya in ya daki rami lanƙwashewa yake, mai ɗaurin waya ya miƙe shi. Na alminiyon, musamman mai araha, yana iya tsagewa, kuma ko leɓensa ne ya ɗan lotsa zai riƙa zubar da iska. A kwalta zan zaɓi alminiyon, a hanyar burji da ramuka zan bar mai waya. In ma shi kake so, ana samunsa a kasuwa.

Yanzu ga abin da nake so ka duba kafin ka kashe ko sisi. Tayar baya dole ta riga ta gaba ƙarewa, ita ke tura babur, ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, kuma yawancin 'yan acaɓa da birkin ƙafa kaɗai suke tsayawa. Abin tambaya shi ne ko taka tana ƙarewa fiye da kima. Ɗora babur a kan babban jak, ka tsuguna ta baya. A kowane gefe, wajen da ake jan sarƙa, akwai 'yan zane-zane a jikin ƙarfen. Ƙirga su. In hagu yana kan na uku, dama yana kan na huɗu, tayarka a karkace take tafiya, tana gurzar ƙasa duk inda ka nufa. Yaran gareji da yawa gefe ɗaya suke ja su ɗaure. Sannan kama tayar da hannu biyu ka girgiza ta hagu da dama. In ta yi ƙwas-ƙwas, boris ne ko bushin. Shafa tafin hannunka a kan zanen: in ka ji tudu da kwari, shokazoba ta mutu, taya tana tsalle a kan hanya.

Sai iska. Ƙananan baburan Indiya galibi ana ba su wajen PSI 28 a gejin iska a tayar baya in kai kaɗai ne, 32 in da fasinja, amma ka duba littafin naka. Mai facin da ke latsa taya da babban yatsa bai auna komai ba. Iska ta yi yawa, tsakiya ke suɗewa. Ta yi kaɗan, taya ta yi zafi, gefuna su tafi. Ƙaramin geji na aljihu ya fi maka wilin Chaina amfani, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta ɗumama.

Nauyi kuma a rubuce yake a jikin tayar. In ka ga 50P, lambar 50 tana nufin kilo 190 ne iyakarta. Kai, da fasinja biyu, da buhun masara a kariya, a zafin watan Afrilu, kun wuce nan nesa, kuma babu wilin da zai gyara wannan. Abin da zai taimaka shi ne taya mai 6PR ko 8PR maimakon 4PR (lambar da ke nuna ƙarfin jikin taya), daga kamfanin da aka sani, irin su CST, Kenda, MRF ko CEAT, in ka tabbatar ba jabu ba ce. Duba lambobi huɗun da ke nuna ranar ƙira: 2523 na nufin mako na 25 na shekarar 2023. Tayar da ta shekara da shekaru a sito ta bushe tun kafin a ɗaura ta. 'Yar gwanjo kuwa ka bar ta, dama tana cikin kayan da Najeriya ta haramta shigo da su.

Odar waje tana da wurinta. Mai babban babur wanda babu wilinsa a Kano ko Legas ba shi da wata hanya. Haka ƙungiyar 'yan acaɓa mai mambobi da yawa da babur iri ɗaya, idan suka haɗa kuɗi suka ɗauko ta ruwa, sun zama dila da kansu, kodayake in ni ne taya zan ɗauko ba wili ba, tunda ita ce ke ƙarewa. Kaya masu yawa kuma suna buƙatar Form M, wato fom ɗin shigo da kaya, da takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, sai an nemi wakilin fito da ya san aikin. In ƙungiyarku za ta bi wannan hanyar, a fara karɓar samfuri ɗaya, a tura wa mai sayarwa ma'aunin shaf, gangar birki da faɗin cibiya a rubuce, a ɗaura samfurin a babur ɗaya ya yi aiki a irin hanyarku, sannan a biya kuɗin sauran.