Firgitar barci: a tashe shi ko a ƙyale shi?

Goggo a Bolari, nan Gombe, ba ta jira. Da yaro ya zabura da ihu cikin dare sai ta girgiza shi, ta shafa masa ruwan randa a fuska, tana kiran sunansa. Na bi hanyarta da ɗana mai shekara 4, abin ya ƙara dagulewa. Idonsa a buɗe, gumi sharkaf, yana ture ni kamar bai taɓa ganina ba. Ashe bai farka ba, yana cikin barci mai nauyi, shi ya sa firgitar ke zuwa awa 1 zuwa 3 bayan kwanciya. Tashinsa da ƙarfi rikita shi kawai yake yi.

Ƙyalewar kuwa ta fi wuya a zuciyar uwa, amma ta fi aiki. Ina janye fitila da kwanuka, in zauna gefen katifa ina addu'a a hankali, ba na riƙe shi. Cikin 'yan mintuna ya lafa. Da safe yana shan kokonsa, bai tuna komai ba.

Amma in akwai zazzaɓi, ko jiki ya sandare yana jijjiga, ni da Goggo bakinmu ɗaya: asibiti.