Sharhi: kwas ɗin ƙiyasin kuɗin gini da na yi a Katsina

Masu tambaya ko kwas ɗin yamma na ƙiyasin kuɗin gini da ake yi wajen Ƙofar Ƙaura ya ci kuɗinsa, amsata ita ce ya ci, amma da saura.

Ta fuskar awo malamin ba shi da makusa. Zanen gida mai ɗaki uku yake shimfiɗawa a tebur, ya ce a fito masa da komai tun daga fandisho har kwano. A nan na san murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan 10, kuma sai ka cire gurbin ƙofa da taga kafin ka ƙara na fashewa. Kwaɓin kankare na 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, sai da ya sa muka mayar da shi buhu-buhu, kowane kilo 50. Rodi ya fi ba mu wahala: tsawonsa mita 12 ne, amma wurin da ake haɗa baki da lanƙwasa yana cinye abin da mai gaggawa ba ya lissafawa. Malamin ya duba takardar wani abokin karatunmu, ya ce, "Malam, lintarka a iska za ta tsaya?" Daga baya aka zuba komai a manhajar lissafi ta Excel.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne farashi. Takardun da aka raba mana tsofaffin kuɗi ne a ciki, alhali kowa ya ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Kuɗin tifar yashi, ladan birkila da na leburori, bambancin kai kaya Daura da saukewa cikin gari, duk sai da na bi masu bulo da direbobin tifa da ƙafata. Ko sau ɗaya ba a kai mu wurin gini ba.

Takardar shaidarsu kuma ba lasisi ba ce. Mai son sana'ar gadan-gadan sai ya yi difloma ko digiri, irin na ABU Zariya, ya shiga NIQS, ƙungiyar masu ƙiyasin kuɗin gini ta Najeriya, sannan ya yi rajista da QSRBN, hukumar rajistar masu wannan sana'a da aka kafa da dokar 1986. Ɗan kwangila ko mai kula da ginin 'yan'uwa dai, kwas ɗin ya ishe shi ya daina karɓar "kawo buhu ɗari mu gani" daga bakin magini.